Ranar da Na Shiga Ƙarƙashin Motar Mijina

Mijina makanike ne tun kafin in san shi. A reluwe ya koyi aikin, nan Kafanchan, zamanin da jirgin ƙasa ke shigowa gari da jiniya. Da aikin reluwe ya mutu sai ya buɗe rumfar gyaran ƙananan motoci, daga baya ya sayi wata tsohuwar mota wagon fara, ƙirar Japan, yana ɗaukar fasinja da buhunan citta tsakanin Kwoi da Kafanchan. Ni malamar firamare ce, 'yar Fadan Kaje. Shi kuwa ɗan wani ƙauye ne a bayan Fadan Kagoma. Yarena daban, nasa daban. Da Hausa ya neme ni, da Hausa muka yi faɗa muka shirya, da ita muka reni 'yarmu guda ɗaya, wadda yanzu take aure a Jos. Na iya gaisuwa da yarensu, na san sunayen abinci, iyakata ke nan. Ban taɓa ganin dalilin da zai sa in wuce nan ba.

Wata safiyar Lahadi muna shirin tafiya sujada, ya sunkuya zai ɗaure igiyar takalmi, sai na ga ya karkata a hankali ya kwanta gefen kujera. Na ɗauka wasa yake yi. Hawan jini ne. Mun daɗe a asibiti, da muka dawo gida hannunsa na dama na lilo kamar ba nasa ba, ƙafar dama kuma sai ya ja ta. Abin da ya fi ci masa rai shi ne magana. Hausa ta watse masa a baki. Zai nemi cokali ya ce fitila, ya ji da kunnensa ba haka yake nufi ba, ya sake gwadawa ya ce takalmi. In ya gaji sai yarensu ya zubo masa, ya fi zuwa masa da sauƙi, ni kuma in tsaya ina kallonsa kamar baƙuwa.

Motar mun ba wani direba ɗan majami'armu ya riƙa juya ta. Bai daɗe da ita ba ya dawo mana da abarmu, ya ce giya tana kuka, mai kuma yana zuba ta ƙasa, shi ba zai iya ba. Ya ajiye ta gindin mangwaron tsakar gida ya miƙo makulli. Tun daga ranar, duk safiya in na fito da mijina baranda, idonsa na kan baƙin tabon da ke ƙara faɗi a ƙasa kusa da tayar gaba ta hagu.

A cikin dogon hutu, damina ta yi tsakiya, ƙaninsa ya zo daga ƙauye a kan mashin. Ya gaishe mu, ya sha ruwa, sannan ya ja ni gefe.

"Madam, Mama ta rage cin abinci. Kullum tambayarta ɗaya, ina yaya. Mun ce mata ciwon ƙafa ne, amma ta fara cewa muna ɓoye mata mutuwa."

Surukata ta tsufa ƙwarai, idonta ya kusa rufewa, ba ta iya doguwar tafiya. Mijina ne ɗanta na fari. Na ce to sai mu nemi mota shata mu kai shi ta gan shi. Ashe yana jin mu. Ya bugi hannun kujera da hagunsa har kofin da ke kai ya faɗi.

"A'a. Mota. Nawa."

Ƙanin ya ce, "Yaya, motan ya lalace ai. A ɗauki wani, yau-yau mu je mu dawo."

Ya sake bugun kujerar. Na san abin da ke ransa ko da bai iya faɗa ba. Shekara da shekaru, in ya shiga ƙauyen nan da hon yake shiga. Shi ke kwaso marasa lafiyarsu zuwa asibiti, shi ke kai amare, shi ke dawo da gawa gida. Ba ya so uwarsa ta ji an sauke shi daga motar wani kamar kaya. So yake ya isa a motarsa, ya buɗe ƙofa da kansa, ya dogara sanda ya taka har bakin ɗakinta.

Da ƙanin ya tafi na ce, "To Baba, bari in kira ɗaya daga cikin waɗanda ka koya wa aiki ya zo ya duba ta."

Ya girgiza kai. Tun da ya kwanta bai yarda ko ɗayansu ya gan shi ba. Ya ɗaga yatsa ya nuna ni.

"Ke."

Na yi dariya. Shi bai yi ba.

Akwatin kayan aikinsa na ƙarƙashin gado. Na jawo shi ranar wata Asabar da safe, na ɗaura tsohon wandonsa na aiki a ƙarƙashin zani, na shimfiɗa kwali gefen motar. Sauko da shi ƙasa kaɗai ya ɗauke mu lokaci mai tsawo. Na rungume shi ta baya, ya durƙusa da ƙafar mai lafiya, muka zube tare. Ya kwanta a gefen hagunsa da sandarsa a hannu, da ita yake nuna mini abin da zan taɓa.

Na sa duwatsu bayan tayoyi, na ɗaga motar da jak, ya sa na cusa kututturen itace a ƙasa saboda kada ta sauko mini a ka. Taya ta fita ba wahala. Sai babban notin da ke tsakiya, wanda ke riƙe shaf, wato ƙarfen da ke ɗauko juyi daga giya ya kai wa taya. Na sa sifana, na zura mata dogon bututu, na danna da duk ƙarfina. Ko motsi bai yi ba. Na hau kan bututun na yi tsalle, shiru. Maƙwabciyarmu, shugabar zumuntar mata a majami'armu, mace ce mai jiki, tana leƙen mu ta kan katanga tun ɗazu.

"Malama, me nake gani haka? Kin canja aiki ne?"

"Maman zumunta, zo ki taimake ni da nauyinki."

Ta zagayo tana dariya, ta dafa kan motar ta hau bututun. Notin ya yi ƙara kamar an karya rake, ya saki. Ta sauko tana cewa yau dai ƙibarta ta yi wa Ubangiji aiki. Na ga gefen bakin mijina mai lafiya ya motsa.

Daga nan wahalar ta fara. Akwai wasu notoci a ƙasa da sai an kwance su kafin a ja wurin tayar waje shaf ya sami hanya. Yana nuna mini da sanda, ina kama wanda ba shi ba. Ya ce, "Wancan." Na kama wani. Ya ce, "A'a, cokali, cokali," yana nufin sifana mai lamba kaza, ni kuma ina miƙo duk abin da hannuna ya faɗa a kai. Ya fusata ya koma yare, yana magana da sauri, jijiyar wuyansa ta tashi. Sifana ta zame na bugi ƙarfe da bayan hannu, fata ta saɓule. Na zauna a ƙasa na ce masa ni ba zan iya ba, ni alli na sani, ba wannan ba. Ya ɗaga ido yana kallon sama ta cikin ganyen mangwaro. Can ya miƙo hannu ya kama nawa, ya ɗora shi a kan notin da yake nufi, ya danna yatsuna a kai. Haka muka yi sauran aikin. Ya daina ƙoƙarin magana, sai ya kai hannuna wurin.

Rana ta take tsaka lokacin da na shiga can ciki, na kwanta rigingine, na sa ƙarfen ɓamɓara tsakanin shaf da jikin giya. Ya ɗaga hannu ya sauke da ƙarfi, alamar in fizga sau ɗaya. Na fizga. Shaf ya fito, mai ya biyo shi ya zubo mini a goshi ya gangara cikin gashi, mai wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai. Na tura kwanon da na tanada, amma abin da ya zubo bai ko rufe gindin kwanon ba. Baƙi ne wuluk, yana ƙyalli kamar an barbaɗa masa ɓawon kifi.

Ya ce in kawo. Ya tsoma yatsu biyu ya murza, ya ɗaga wajen haske ya daɗe yana kallo. Sannan ya ja jiki da ƙyar har ya shigo kusa da ni, ya sa na mayar da bakin shaf ɗin cikin ramin, ya kama shi ya girgiza sama da ƙasa. Na ji wani ɗan ƙas-ƙas daga ciki. Ya sake girgizawa. Ya faɗi wata magana da yarensu, a hankali, kamar da kansa yake.

"Mene ne, Baba? Faɗa mini da Hausa."

Ya buɗe baki, ya rufe. Ya sake faɗin maganar da yare, yana kallona.

"Ban ji ba. Abu ya lalace ne?"

Ya nuna bakin ramin da haɓa. "Cire. Sa sabo. Sa kawai."

Abin da ke zubar da man wata 'yar roba ce zagayayya kamar awarwaro, makanikai na ce mata oyil sil. Ita ke rungume shaf ta hana mai fita. Na ɓamɓaro ta da sukudireba. Ta bushe ta tsage, gefe ɗaya ya cinye fiye da ɗayan, an kuma shafe ta da wani jan gam, aikin makaniken da direban nan ya kai wa motar. Mijina ya kalli gam ɗin ya yi tsaki. Tsakinsa dai bai shanye ba.

Na wanke kaina da omo, na naɗe tsohuwar robar a leda na tafi layin masu sayar da kayan mota. Mai shagon ya juya ta a hannu ya ce, "Madam, wane makanike ne ya aiko ki?" Na ce ni ce makaniken. Ya kalli plastan da ke hannuna da baƙin da ke cikin faratana, bai ƙara tambaya ba. Ya fito da iri biyu ya ce ɗaya ta fi ƙarko. Na ɗauke ta, na haɗa da man giya.

Washegari bayan sujada muka sa ta. Ya sa na goge bakin ramin da tsumma har ya yi fes, na shafa wa leɓen robar giris, na daidaita ta. Ya zaɓo mini guntun bututu daidai faɗinta, na ɗora a kai ina bugawa da guduma kaɗan-kaɗan. Bayan kowane bugu sai ya zura yatsa ya zagaya ya ji ko ta karkace. In ta karkace ya taɓa gefen da ya ɗago, in buga nan. Da ta zauna daidai ya zagaya ta da yatsa har sau da yawa, sannan ya ɗaga mini babban yatsa. Na tura shaf ya shiga da ƙara. Na mayar da notoci, maƙwabciya ta sake hawa bututu, na ɗura mai ta tiyo da mazurari har ya fara dawowa. Muka shimfiɗa sabon kwali a ƙasa muka bar ta.

Da safe ban ko wanke ido ba na fita na jawo kwalin. Fari tas, ba ɗigo ko ɗaya. Na kai masa har gado na nuna masa kamar ɗalibar da ta ci jarrabawa.

Kwanakin da suka biyo baya su ne mafi daɗi da muka yi tun da ya kwanta. Ya yarda na yi masa aski. Ya nuna mini farin kaftaninsa na Kirsimeti in wanke in goge. Da yamma sai ya sa in zaunar da shi a kujerar gaba, ya buɗe ƙofa da hagu, ya sauko da ƙafar mai lafiya, ya ɗago ɗayar da hannu ya ajiye, ya miƙe da sanda ya taka zuwa baranda. Ya koma ya sake. Gumi na zuba, amma bai yarda in riƙe shi ba. Na tayar da motar na zagaya unguwa da ita. Shi ya koya mini tuƙi tun muna sabon aure, a filin makaranta, sai dai ban cika yi ba. Giya tana ɗan gurnani, na tambaye shi, ya ɗaga kafaɗa.

Ranar tafiya na dafa shinkafa da kaza na zuba a kula, na sa sabulu da suga da bargo domin Mama. Muka yi addu'a a cikin motar, na roƙi Ubangiji ya kai mu lafiya, ya ce amin da ƙarfi. Muka kama hanyar Kwoi. A kan kwalta komai lafiya. Na riƙe sitiyari da hannu biyu, 'yan mashin suna wuce ni suna hon. Ya sauke gilas, iska na kaɗa masa hula. Wani direba da ya san motar ya haska mana fitila, mijina ya ɗaga masa hannu.

Bayan Fadan Kagoma muka sauka daga kwalta muka kama jar hanya. Ruwan sama ya cinye ta, ko'ina kwari da duwatsu. Gonakin da a da citta ce shimfiɗe kore shar, tun shekarar da cuta ta ruɓar da ita yawanci an mayar da su masara, wasu an bar wa ciyawa. Ina lallaɓawa a giya ta ɗaya da ta biyu, motar na tangaɗi. Gurnanin nan ya fara ƙaruwa, ya zama kuka, kamar injin niƙa da aka bari ba hatsi. Na kalle shi. Ya rufe ido.

"Baba, in tsaya?"

"Tafi."

Na ci gaba. Warin man nan ya fara shigowa ta taga. Giya ta fita da kanta, na mayar, ta sake fita, na riƙe ta da hannu ina jin ƙarfen yana rawa har cikin kafaɗata. Muka gangara wani rafi muka haye, muna cikin hawan tudun da ke gaba sai na ji ƙara daga ƙasa kamar an zuba tsakuwa a tukunya, motar ta yi tsalle ta tsaya. Inji na aiki, na taka totur, ba ta motsa ba. Ta fara komawa baya, na ja burkin hannu.

Na fita na durƙusa na leƙa. Mai ya wanke ko'ina, yana ɗiga daga jikin giya, daga ƙarafan ƙasa, har cikin tayar. Sabuwar robar da na buga da hannuna ta leƙo waje a yage. Na dawo na tsaya ta tagarsa.

"Ka san haka zai faru?"

Ya gyaɗa kai, bai kalle ni ba.

"Tun ranar da ka girgiza ƙarfen nan ka sani?"

Ya sake gyaɗawa.

"To me ya sa ba ka faɗa mini ba?"

Ya juyo. "Na faɗa."

Ya faɗa ɗin, har sau biyu, da yarensu. Daga baya wani makanike ya buɗe giyar ya nuna mini: boris ɗin da ke riƙe shaf a ciki ya riga ya cinye tun lokacin da aka yi ta tuƙa motar ba mai. Shi ya sa shaf ke rawa, shi ya sa yake cin roba. Ko roba ɗari aka sa haka zai cinye su. Mijina ya ji wannan da hannunsa ɗaya. Ina jin ya yi lissafin cewa hanyar ba ta da nisa, ƙila ta kai shi kafin ta watse. Saura kaɗan kuwa, domin daga kan tudun nan ana hango rufin majami'ar ƙauyen.

Hadari ya haɗu ta gabas. Na hau kan wani dutse kafin waya ta shiga, na kira ƙaninsa. Ya zo da wani mai mashin. Suka leƙa ƙarƙashin motar, suka kalli sama, ƙanin ya ce babu wata mota a ƙauyen ranar, ruwa kuma in ya sauko rafin zai cika. Sai dai a ɗauke shi a mashin.

Mijina ya riƙe ƙofar motar. Ƙanin ya durƙusa ya yi ta yi masa magana da yare, a hankali, ina jin yana ambaton Mama. Yayyafi ya fara. Can na ga yatsunsa sun saki.

Ƙanin da wani saurayi da ya tsaya taimako suka ɗaga shi suka ɗora bayan mai mashin, ƙanin ya hau bayansa ya rungume shi, yadda ake ɗauko mara lafiya daga ƙauye. Ƙafar daman ta ƙi zama a mataki, tana saukowa tana jan ƙasa. Na cire ɗankwalina na ɗaure ta. Hannun kuma na cusa shi tsakanin cikinsa da bayan mai tuƙi. Hularsa ta faɗi cikin taɓo, ba wanda ya tsaya ɗauka. Ni na hau mashin ɗin saurayin nan, da kular abinci a cinya. Sai da muka yi nisa na tuna sandarsa na cikin mota.

Haka muka shiga ƙauyen. Mutane na fakewa a barandu, suka ga wanda ke tsakiya, kansa a sunkuye, kaftani ya jiƙe ya ɓaci da jar ƙasa. Wata tsohuwa ta ɗora hannu a ka ta fasa kuka, wasu suka kama. Sun ɗauka gawa aka kawo, ko wanda ya kusa. Suka biyo mu a guje har ƙofar gida. Ƙanin yana ta ce musu da rai yake, da rai yake. Na kwance ɗankwalin. Mijina ya yi ƙoƙarin tsayawa, ba sanda, ƙasa na santsi, ƙafar ta lanƙwashe. Ƙaninsa ya goya shi a baya, ya sunkuya ya shiga da shi ɗakin Mama, jama'a na kallo.

Tana zaune bakin gado, ta ji kukan da ake yi a waje. Aka zaunar da shi kusa da ita. Ta lalubo fuskarsa, ta bi goshi, ta bi kumatu, ta tsaya a gefen bakin da ya karkace. Ta sauko ta kama hannun daman ta ɗaga. Da ta saki ya faɗi a cinyarsa. Ta sake ɗagawa, ta sake saki. Sannan ta ja hannun ta rungume a ƙirjinta ta fara magana.

Ya amsa mata. Na tsaya a bakin ƙofa da kula a hannu, ruwa na ɗiga daga gashina, ina jin mijina yana magana mai tsawo, yana tuntuɓe amma yana tafiya, yana kuka yana ci gaba. Duk watannin nan bai yi mini kwatankwacin wannan ba. Ni na yi masa wanka, ni na kwashe fo, ni na kwanta ƙarƙashin motarsa, amma ban san abin da ke cikinsa ba sai ga shi yana zuba a gabana, ban kuma tsinci komai ba sai sunan abinci nan da can da sunan Yesu.

Da suka lafa Mama ta kira ni. Hausarta kaɗan ce, kowa "ka" take ce masa. Ta kama hannuna ta ji ɓawon ciwon da ke bayansa.

"'Yata, ka yi ƙoƙari. Amma da kun faɗa mini. Ni na haife shi."

Na ce ta yi haƙuri. Ta ce ba komai. Ba ta taɓa shinkafar ba.

Mun kwana a can. Washegari aka samo mota daga Fadan Kagoma ta mayar da mu. Da muka zo wucewa ta gefen tamu a kan tudu, na ce direba ya tsaya in ɗauko sanda. Mijina bai juya ya kalli motar ba. Bayan kwanaki wata babbar mota ta jawo ta gida. Makaniken da ya buɗe ta ya ce sai dai a sa wata giyar gaba ɗaya, injin ma ya gaji. Na gaya wa mijina, ya ɗaga hannu ya yarfe. Masu sayen tsofaffin ƙarafa suka zo suka ja ta. Ranar ya ce kada in fito da shi baranda.

Tun daga nan bai ƙara yarda da baranda ba. Motsa jikin da aka koya mana a asibiti ya daina. In na kama hannun zan miƙe masa sai ya janye kafaɗa. Sandar na jingine bayan ƙofa, daga gado zuwa bayi ma sai na ɗauke shi. Hausar da ya fara haɗawa kaɗan-kaɗan ya sake ta, ya koma nuni da ido. Fasto ya zo ya karanta masa Zabura ya yi addu'a, ya rufe ido kamar mai barci har aka gama. Matan zumunta suka zo suka yi waƙa a falo, ya juya fuska bango. 'Yarmu ta zo daga Jos ta durƙusa gaban gado tana roƙonsa ya gwada ko taku biyu ne saboda ita. Ya shafa kanta kawai.

Mama ta rasu bayan an cire masara. Ƙanin ya zo da kansa ya faɗa masa, ya ce an tanadi mota mai kyau, za a kai shi har bakin kabari a kujera. Ya girgiza kai. Aka turo dattawa, aka turo fasto, bai canja ba. Na bar shi da 'yarmu na tafi ni kaɗai. Duk wanda ya gaishe ni sai ya tambaya ina ɗan fari, ni kuma in ce jiki ne. Wasu sun yarda. Wata gwaggonsa ta ce a gabana, da Hausa domin in ji, mutumin da ya kai gawar kowa gida ya kasa zuwa ta uwarsa. Na dawo na zauna bakin gadonsa na ba shi labarin waɗanda suka zo, da waƙoƙin da aka yi, da inda aka sa ta kusa da babansa. Ya saurara idonsa a rufi. Da na gama ya ce, "To."

Yanzu da safe nakan yi masa wanka, in ba shi koko da magani, in kunna masa rediyo in tafi makaranta. Maƙwabciya na leƙa shi kafin in dawo. Ya rame, amma ɗaga shi na ƙara yi mini wuya, bayana ya fara ciwo, ni ma likita ya ce jinina ya hau. Ritaya ta kusa, abokan aiki na taya ni murna wai zan huta, ni kuwa tsoron ranar nake yi, domin makarantar ce kaɗai wurin da nake magana a amsa mini. A da nakan roƙi Ubangiji ya tashe shi ya taka. Na daɗe ban yi wannan roƙon ba. Abin da nake roƙo yanzu shi ne kada in riga shi tafiya, domin ban san wanda zai juya shi a gado ba.